Malamin Da Ya Bi Ƙuda Har Bakin Rafi

Uwargida, ko kin san cewa wani aikin kare lafiyarki ba a asibiti ake fara shi ba, a bakin rafi ne? Labarin Farfesa Hayward Babale Mafuyai, masanin ƙwari wanda ya shugabanci Jami'ar Jos daga 2011 zuwa 2016, ya isa misali.

Bincikensa ya fi karkata ga wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai yaɗa cutar makantar kogi. Shi wannan ƙuda ba ya hayayyafa a kududdufi kamar sauro. Sai ruwa mai gudu da ƙarfi, inda 'ya'yansa ke maƙalewa a jikin duwatsu da ganyaye. Macen ce ke cizo, kuma da rana take yi, lokacin da ake wanki ko ɗiban ruwa ko noma. Ta wurin cizon take zuba wa mutum ƙananan tsutsotsi, su jawo ƙaiƙayi mai tsanani da ƙulli a ƙarƙashin fata. In abin ya daɗe, ido ya tafi.

A 1996 shi da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan ire-iren wannan ƙuda a Nijeriya. A ido duk kamarsu ɗaya, sai an duba 'ya'yan da madubin bincike ake rarrabe su. Sanin irin ƙudan da ke kowane kogi yana taimaka wa hukuma ta gane inda haɗarin yake.

Maganin cutar shi ne Mectizan, wanda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987. Bayan shekaru ana rabo a jihohin Filato da Nasarawa, aka kamo ƙudaje aka auna, aka kuma gwada jinin yara. Da aka tabbatar cutar ta daina yaɗuwa, sai aka tsayar da rabon a 2018. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

To, ina ruwan mai juna biyu? Akwai yankunan da ba a kai ga tsayar da rabon ba. Idan mai rabo ya zo gidanku, ki tuna:

- Ba a ba mai ciki Mectizan. Ki faɗa masa kina da ciki, kada kunya ta hana ki.
- Ba a ba mai jego sai ta cika mako 1 da haihuwa.
- Ba a ba yaron da tsawonsa bai kai santimita 90 ba.
- In kin sha kafin ki san kina da ciki, kada hankalinki ya tashi. Ki sanar da mu ranar awo.

Maigida, kai da manyan yara ku sha naku. Yawan masu sha shi ke rage tsutsar da ƙuda zai ɗauka ya kai wa iyalinka. Allah ya sauke ku lafiya.