KAFIN KA SA A ƘERA WA AKORI-KURARKA KARIYA

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu, idan Allah ya buɗa wa mutum ya tara ɗan abin hannu, sai ya sayi akori-kura ta hannu ya aika da ita gida, ƙanensa ya riƙa jigila da ita domin iyali su sami na cefane. Motar kuwa ba ta cika mako guda a gida ba sai ka ji an bugo waya ana cewa, "Yaya, sai fa an yi mata kariya a bisa rumfa, gama kaya sun fi wuri yawa." Shi kuma mai mota yana can Agege ko Mil 12, sai ya aika da kuɗi, bai ga aikin ba, bai kuma san abin da zai tambaya ba. To, ga abin da ya kamata ya sani kafin kuɗin su bar hannunsa.

Mu ɗauki misali da Tirwun, wadda take gefen birnin Bauci, a kan hanyar da ta nufi Darazo da Potiskum har zuwa Maiduguri. Akori-kurar da take kwana a irin wannan wuri aikinta cin kasuwannin ƙauye ne. Ta fita da asuba da fatake, ta komo da almuru da buhunan hatsi da kaji da tabarmi, har da mutane a zaune cikin rumfa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, babu direban da yake son ya yi sawu biyu inda ɗaya zai isa. Wannan ne ya sa idon kowa ya koma saman rumfa, masu walda kuma suka sami ciniki.

Ita wannan rumfa dai ba domin ɗaukar kaya aka yi ta ba. Tun zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, aka cika ƙasa da akori-kura 404, daga baya 504, aikin rumfa shi ne tare rana da ruwan sama da ƙura. 'Yan sirarran ƙarafa ne aka tanƙwara aka lulluɓe da tamfol. Irin wadda ake ɗora wa Toyota Hilux a yau, ta gwangwani ko ta roba mai tauri, ita ma inuwa ce kawai. Wanda ya huda rufinta ya ɗaure kariya a kai ya yi gini ne a kan rairayi. Da farko ramukan za su fara faɗi, ruwa ya riƙa ɗiga a kan fasinja, sa'an nan rufin ya tsage, ranar da aka taka birki da ƙarfi kuma kariya ta yi gaba da kayanta.

INDA NAUYI ZAI ZAUNA

Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa mai walda ita ce, a ina nauyin zai zauna? Amsar ƙwarai guda ɗaya ce: kariya ta tsaya da ƙafafunta, su sauko ta gefen rumfa su zauna a kan bodin mota. Ƙafa 4 su ne mafi ƙaranci, idan bodin dogo ne a yi 6. A ƙarƙashin kowace ƙafa a sa faffaɗan falle na ƙarfe mai kauri, a sa wani irinsa ta ciki, a ɗaure su da noti, domin nauyin ya bazu kada ya taru a wuri guda ya yage bodin. A sa guntun robar tsohon tib a tsakani, tana rage ƙara da gogayya. Tsakanin kariya da rufin rumfa kuwa a bar sarari kamar inci 2, kada su taɓa juna.

Wani mai walda zai ce ya fi sauƙi a narka ƙafafun a jikin mota gaba ɗaya. Kada ka yarda. Abin da aka ɗaure da noti ana iya kwance shi a gyara, ko a cire idan za a sayar da motar, amma walda a kan gwangwani tana ƙona fenti ta kira tsatsa.

Ƙarfen da ya dace shi ne bututu mai kusurwa huɗu, na inci 1, mai kauri, ƙafafun kuma su ɗan fi haka girma. Masu son arha sukan kawo rodin gini ko tsohon ƙarfen gado. Rodi yana da nauyi amma yana lanƙwashewa, ƙarfen gado kuwa tsatsa ta riga ta cinye shi ta ciki. A tuna kuma ita kanta kariyar kaya ce. Mita 1 na bututun nan mai kaurin milimita 2 ya kusa kilo 1 da rabi, ke nan idan aikin ya ci mita 20 an ɗora wa mota kusan kilo 30 tun ba a yi lodin komai ba.

Sai a yi shimfiɗa daidai tsawo da faɗin rumfar, kada ta zarce jikin mota ko kaɗan. A jera ƙarafa a gicciye, tazarar kamar ƙafa 1 tsakaninsu. A kewaye da shinge mai tsayin inci 6, na gaba ya fi ƙarfi, domin can ne kaya suke dosa idan an taka birki. A yi ƙugiyoyi na ɗaura igiya. Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne tokara. Ƙarfe huɗu da aka haɗa kamar akwati suna iya karkacewa, amma idan an sa wani a karkace daga kusurwa zuwa ƙafa, to ya kafe. Magina da suke kafa katakon jinka sun san wannan.

Ranar aiki a gama ƙera kariyar a ƙasa, sa'an nan a ɗora. Idan ya zama dole a kunna wuta a jikin mota, a cire kan batir tukuna, a kuma nisanci tankin mai. Idan bututun mai farin shafe ne irin na famfo, a yi aikin a fili, domin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Bayan an gama a kankare dattin walda a duba haɗin da ido, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin a yi fentin ado. A toshe bakin kowane bututu, a kuma yi ɗan huji ta ƙasa don ruwan damina ya sami mafita.

ABIN DA ZA A ƊORA

To, a ce an sami mai walda na kirki, aiki ya yi kyau. Saura babban abu. Akori-kura irin waɗannan kimanin tan 1 aka yi su su ɗauka, da mutane da kaya duka, kuma kariya ba ta ƙara wa sifirin da taya da birki ƙarfin komai. Yawancin kamfanonin mota ba su yarda a ɗora abin da ya wuce kilo 50 zuwa 100 a kan rufi ba. Buhun masara babba shi kaɗai kilo 100 ne. Buhun siminti kilo 50. Jarkar manja mai lita 25 ta haura kilo 20, ke nan jarka 4 sun cika ma'auni.

Dalilin wannan doka a fili yake. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu a ka ya san abin da yake faruwa idan ya juya da sauri. Haka mota take. Nauyi in ya hau sama, sai ta riƙa rangaji, a kan kwana kuma ya rinjaye ta waje guda har tayoyin ɗaya gefen su bar ƙasa. Idan ta faɗa rami da gudu, kayan sukan daki kariya da ƙarfin da ya ninka nauyinsu. Masu zuwa gida da Salla ta hanyar Akwanga da Jos sun san Hawan Kibo, sun san ba wurin da za a gwada mota mai nauyi a ka ba ne.

Don haka ƙa'idar ita ce mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Hatsi da siminti da jarkoki su shiga cikin bodi, a matsa da su gaba kusa da bayan direba. Katifa da tabarmi da kwanduna da robobi su hau kariya, a rufe da tamfol a ɗaure tamau. Bayan an yi tafiyar 'yan mil kaɗan a tsaya a sake jan igiya, gama takan saki. Mutum kuwa, ko yaron mota ne, ba shi da wurin zama a can. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, tana kama mota saboda lodin da ya wuce kima, amma tarar da za a ci direba ita ce mafi sauƙi cikin abubuwan da za su iya faruwa.

Kai da kake kudu kana neman halak ɗinka, motar nan guminka ce, waɗanda suke cikinta kuma 'yan'uwanka ne da maƙwabtanka. Kafin ka aika da cikon kuɗin aiki, ce a turo maka hoton ƙafafun kariyar da inda suka zauna, da tokarar, da notin. Ka kuma gaya wa direbanka ya riƙa bin notin nan da sifana kowane mako, ya duba ko walda ta fara tsagewa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.