Ko Ka San Ƙwaƙwalwar Mota Tana Gane Makullinta?

Duk direban da ke jigila tsakanin Babura da Kano ya san irin wannan safiya. Mota ta kwana lafiya lau, a murɗa makulli, inji ya yi ta gurnani ya ƙi tashi. Bakanike ya duba fulogi, ya duba famfon mai, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, birenbos ne." Nan take gaban mai mota ya faɗi.

Birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, ɗan akwati ne da bai wuce littafi girma ba, a ɓoye ƙarƙashin bonet ko bayan dashbod. Kwamfuta ce sukutum. Ƙananan na'urorin da aka dasa a jikin inji suna gaya mata zafinsa, da yawan iskar da ya shaƙa, da saurin juyawarsa, ita kuma ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Awon da take bi shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti yana bukatar tartsatsi 100 a kowace daƙiƙa, kowanne a kan lokacinsa. Tsofaffin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna ba su san da wannan ba, kafireta ce da sukudireba. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da fesa mai ta lantarki a motocin Volkswagen a 1967.

Wajen canjin ne mutane ke shan mamaki. Ka je Ƙofar Ruwa ka sayo na Beljiyam mai kama da naka sak, a ɗaura, mota ta yi kunnen uwar shegu. Da farko sai lambar jikinsa ta dace da injinka da irin giyarka. Sannan a kan makullin motocin zamani akwai wata 'yar ƙwayar lantarki kamar ƙwayar shinkafa, maganin ɓarayi. In ƙwaƙwalwar ba ta san ta ba, sai ta hana mai, ko da makullin ya juya. Shi ya sa ko dai a sayo su a haɗe, ko mai kwamfuta ya gabatar da su ga juna ta wani soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996.

Ni dai ina ganin sau da yawa ƙazafi ake yi wa akwatin nan. Fiyus ya ƙone, ko ɓera ya gutsure waya, sai a ɗora masa laifi. In kuwa da gaske ya mutu, yawanci hannun mutum ne: a juya kan batir, a yi walda ba a cire shi ba, a antaya wa inji ruwa wajen wanki, ko rewaya ya zare kan batir inji na aiki, wai yana gwada caji.