Kundin Waƙoƙin Fim Don Sabon Shiga: Yadda Za a Kauce wa Zaɓen Tumun Dare

Maitama unguwa ce ta baƙi. Ofisoshin jakadanci, gidajen manyan jami'ai da otal ɗin Transcorp Hilton sun sa da wuya mako ya wuce ba a yi taro ko liyafa ba, kuma a ƙarshen kowace liyafa akwai wanda za a sallama da tsaraba. Hadiman da ake ɗora wa wannan hidima sun saba da jakar fata, hular zanna da littafin hotuna. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne kiɗa, alhali a cikin shekaru talatin da suka wuce da wuya a sami sautin da ya ratsa gidajen Hausawa kamar waƙar fim.

Masu buƙatar a gabatar musu da wannan sauti ba baƙin ƙetare kaɗai ba ne. Akwai abokin aikin da ya fito daga Kudu, wanda yake jin waƙoƙin a motar haya bai san asalinsu ba. Akwai kuma 'ya'yan ma'aikata da suka tashi a Abuja, waɗanda Hausarsu ta gaisuwa ce. Kowannensu kundi guda zai ishe shi matakin farko. Faifan CD bai wuce minti 80 ba, waƙar fim ɗin Hausa kuwa sau da yawa takan haura minti biyar, don haka gurbin da ake da shi bai fi na waƙoƙi goma sha biyu ba, a gaban dubban da aka rera. Wanda ya zaɓa da son rai, ko ya kwaso abin da ya fara cin karo da shi a waya, zaɓen tumun dare ya yi, kuma sabon mai sauraro zai tafi da wannan kuskure a matsayin tarihi.

Kiɗan rakiya da waƙar fim

Tambayar farko ita ce me ake nufi da kiɗan fim, domin al'adu biyu ne suka haɗu a nan. A Amurka da Turai, abin da aka fi darajantawa shi ne kiɗan rakiya, wato kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin labari ba tare da baiti ba, yana tayar da fargaba ko tausayi a zuciyar mai kallo. John Williams ya tsorata duniya da sautuka biyu da ake ta maimaitawa a fim ɗin Jaws na 1975. Ennio Morricone ya sa fito da kuwwa suka zama tambarin fina-finan kaboyi tun daga shekarun 1960. Afirka ma ta yi nata: Manu Dibango ne ya yi wa Ousmane Sembène kiɗan Ceddo a 1977, Francis Bebey kuma ya yi na Yaaba, fim ɗin Idrissa Ouédraogo na 1989.

Indiya ta bi wata hanya dabam. A can labari yakan tsaya cak, jarumi da jaruma su rera waƙa, muryar kuwa ta wani mawaƙi ce da ba a ganinsa, irin su Lata Mangeshkar, Mohammed Rafi da Kishore Kumar. Wannan salon ne ya shigo Kano ta gidajen silima, inda fina-finai kamar Mother India na 1957 suka daɗe suna tara jama'a, kuma shi masu shirya fim ɗin Hausa suka gada. Saboda haka kundin kiɗan fim ɗin Hausa, a zahiri, kundin waƙoƙi ne. Amma yana da kyau a ware gurbi ɗaya ko biyu ga kiɗa zalla, na buɗe fim ko na fitowar basarake, domin sabon kunne ya ji yadda algaita, sarewa da kalangu suke aiki idan babu murya a kansu.

Tarihi cikin awa guda

Kundin da ya dace da sabon shiga shi ne wanda zai ɗauke shi daga zamani zuwa zamani ba tare da an yi masa lacca ba. Zamanin farko ya gabaci bidiyo. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim na majigi, a lokacin da kiɗan da ke hannun masu shirya fim shi ne na gargajiya. Sai 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin bidiyo na Hausa.

Zamani na biyu shi ne na fiyano. A tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan kiɗa na Kano, ciki har da na kamfanin Iyan-Tama, suka rungumi na'urar Yamaha mai kwaikwayon sautin kayan kiɗa iri-iri, ta yadda mutum guda zai yi aikin da a da sai an tara makaɗa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki a ƙarshen shekarun 1990, shi ne ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000 da irin wannan farin jini. A wancan lokaci kaset ɗin waƙoƙi yakan riga fim fita kasuwa, ya zama shi ne tallarsa. Kundin da babu waƙa daga waɗannan shekaru ya rasa ginshiƙinsa.

Zamani na uku shi ne wanda mawaƙi ya fito daga bayan labule ya zama tauraro da kansa. Nura M. Inuwa, Nazifi Asnanic, Ali Jita da Umar M. Shareef sun riƙa fitar da kundayensu, masu shirya fim kuma suna neman waƙa a wurinsu. A 2017 Umar M. Shareef ya zama jarumin Mansoor, fim ɗin da Ali Nuhu ya ba da umarni, kuma shi ya rera waƙoƙinsa. Na huɗu shi ne zamanin fina-finai masu dogon zango a talabijin da YouTube, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So, waɗanda suka fara a 2020. A nan rawa ta ragu, waƙar taken shiri da waƙoƙin da ke bayyana halin da jarumi yake ciki suka ɗauki nauyin, abin da ya ƙara kusanta waƙar fim da aikin kiɗan rakiya.

Rabon adalci tsakanin waɗannan zamuna huɗu zai iya zama biyu ga na farko, huɗu ga na fiyano, huɗu ga na taurarin mawaƙa, biyu ga na yanzu.

Ma'aunin zaɓe

Ma'auni na farko shi ne waƙar ta iya tsayawa da ƙafarta. Akwai waƙoƙin da daɗinsu yana cikin abin da ido ke gani, rawa ko sutura ko fuskar jaruma, idan aka raba su da hoto sai su zama fanko. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a kunna wa wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba, a duba ko zai nemi a maimaita.

Na biyu shi ne a guje wa maimaita jigo. Soyayya ta mamaye waƙoƙin fim, amma ba ita kaɗai ce a ciki ba. Akwai waƙar sarauta, ta biki da kai amarya, ta kishi tsakanin matan gida, ta maraici, ta nasiha da ta barkwanci. Kundin da aka cika shi da waƙar saurayi da budurwa sau goma sha biyu zai sa baƙo ya ɗauka ba a san komai ba sai wannan. Haka ma bai kamata murya guda ta wuce gurbi biyu ba, komai farin jininta, kuma dole a ji muryoyin mata suna jan waƙa, ba amshi kaɗai ba.

Na uku shi ne batun karin aro. Sanannen abu ne cewa waƙoƙi da dama, musamman a farkon shekarun 2000, an ɗora su ne a kan karin waƙoƙin Indiya. Ɓoye wannan bai dace ba, domin yana cikin tarihin, amma waƙa guda ta isa misali, a kuma rubuta asalinta. Sauran gurabe na waɗanda aka ƙaga karinsu a gida ne.

Na huɗu shi ne tsabtar sauti da ta lafazi. Waƙar da aka kwafa daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya, daga waya zuwa waya, takan iso da shashshaƙa da ƙara. A nemi kwafin da ya fi kusa da na ɗakin kiɗa. Tunda kuma kundin zai shiga hannun yara da baƙi, a saurari kowane baiti daga farko har ƙarshe kafin a amince da shi.

Waƙa a bakin mai ita

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a fim ɗin Hausa bakin da ake gani ba shi ne mai ita ba. Jarumi yana motsa leɓe, muryar ta wani ce. Mutane da yawa sun haddace waƙoƙin barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro ba tare da sanin cewa Sadi Sidi Sharifai ne ya rera da dama daga cikinsu ba. Sunaye irin su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Sani Yusuf Ayagi, Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti su ne muryoyin da suka raya wancan zamani, amma a shagunan tura waƙoƙi a waya an fi lakaba wa waƙa sunan fim ko na jarumi. Makaɗin da ya zauna a kan fiyano kuwa shi ne ya fi kowa ɓacewa.

A nan ne ɗan kundi yake yin aikin da ya fi girmansa. Kowace waƙa ta zo da layi biyar: sunan fim, shekarar fitarsa, marubucin waƙa, mawaƙi da mawaƙiya, da makaɗi. A ƙara da jimla biyu da ke bayyana abin da ke faruwa a labarin lokacin da aka rera ta, da Hausa da kuma harshen baƙon. Ana iya tabbatar da waɗannan bayanai daga jerin sunayen ƙarshen fim, daga tsofaffin bugun mujallar Fim da aka fara bugawa a 1999, ko daga bakin masu sana'ar da ke raye. Idan aka bari wannan tsara ta shuɗe ba a rubuta ba, waƙoƙin za su ci gaba da yawo babu uba.

Haƙƙin masu haƙƙi

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa cancantar sanin cewa kyakkyawar niyya ba ta halatta kayan wani. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa da karinta har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kuma kare sautin da aka naɗa har shekara 50 bayan fitar da shi. Ke nan sautin waƙar da aka naɗa aka fitar a 1999 yana ƙarƙashin kariya har wajejen 2049. Jera waƙoƙi don saurare a manhajar da masu su suka ɗora su da kansu ba shi da matsala. Amma buga su a faifai ko filashi don rabawa a taro, ko da kyauta ne, yana buƙatar izini.

Wahalar ita ce waƙa guda tana iya samun masu haƙƙi uku: marubuci, makaɗi da furodusan da ya biya kuɗin ɗakin kiɗa, kuma yawancin cinikin da aka yi a wancan zamani da baki aka yi shi. Mafita ita ce a nemi kowannensu, a karɓi izini a rubuce, a kuma biya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana Sakatariyar Tarayya, kan titin Shehu Shagari, a bakin Maitama, don haka mai neman shawara ba shi da doguwar tafiya. Waƙar da aka kasa gano mai ita a ajiye ta gefe, a saka wata.

Jeri da adanawa

Bayan zaɓe sai jerantawa. Bin tarihi sak daga 1976 zai sa a fara da sautin da ya fi tsufa kuma ya fi wuyar shiga sabon kunne. Ya fi kyau a buɗe da waƙa mai sauƙin amshi daga zamanin fiyano, sannan a koma baya a taho a hankali, ana sassaɓa mai zafi da mai sanyi, murya namiji da ta mace, a rufe da kiɗa zalla.

Aikin kuma bai kamata ya ƙare a jakar tsaraba ba. Fim ɗin Shaihu Umar ya shafe shekaru ana ɗaukarsa ɓatacce, sai a 2016 aka gano shi cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Kaset ɗin shekarun 1990 ba shi da juriyar fim ɗin majigi, zafi da laima suna cinye shi. Hukumar, wadda Ali Nuhu yake jagoranta tun Janairun 2024, tana da ma'adanar fim da sauti a Jos. Duk wanda ya ɗauki wahalar tattara waƙoƙi goma sha biyu masu tsabta, da sunayen masu su da takardun izininsu, ya kamata ya aika kwafi guda can.