Buruklin: Labarin Motar Lantarki Mai Ƙaho Biyu

Ran 27 ga watan Yuli na shekara ta 1960, wata irin mota ta yi tafiyarta ta ƙarshe a titunan Buruklin, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin Niyok, a ƙasar Amurka. Siffarta ta bas ce, tayoyinta na roba, amma ba ta shan mai, ba ta fid da hayaƙi. Sanduna biyu ne bisa rufinta tamkar ƙahonin barewa, suna shafar wayoyin lantarki da aka ɗaura saman titi. Nasara na kiranta trolleybus. Shekara 30 ta yi tana aiki kafin a yi mata ritaya.

Tun cikin 1854 jama'ar Buruklin ke shiga tarago mai bin dogo, dawaki na ja. Wajen 1890 lantarki ya soma karɓe aikin dawakin. Taragun suka cika gari, har sai mai tafiya ƙasa ya iya zulliya kafin ya ƙetare titi. Daga nan ne ma shahararriyar ƙungiyar wasan ƙwallon gora ta gundumar ta samo sunanta na Dodgers, ma'ana masu kauce wa tarago.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya sai al'amari ya rikice. Kuɗin shiga santi 5 ne, hukuma ta hana a ƙara, alhali albashi da ƙarfe da gawayi duk sun yi tsada. Kamfanoni suka shiga halin karaya, wasu layuka suka tsaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: masu ƙananan bas-bas suka fito suna kwasar fasinja, kuma magajin gari John Hylan, wanda ya riƙe birnin daga 1918 zuwa 1925, ya ɗaure musu gindi saboda ba ya ga maciji da kamfanonin tarago. A zamaninsa ne, cikin 1921, birnin ya soma gwada motar lantarki maras dogo a gundumar Staten Island, gwajin ya ci gaba har 1927.

A Buruklin kuwa, kamfanin BMT, mai jiragen ƙasa da taragun gundumar, shi ne ya buɗe layin farko a titin Cortelyou cikin Yuli na 1930, ta hannun wani reshensa. Shekarar da ta biyo ya kafa wani reshen na bas masu shan mai. Ke nan iri uku suka haɗu bisa titi ɗaya, kowanne da masu goyon bayansa.

Me ya sa ƙahon ya zama biyu? Wutar lantarki sai ta samu hanyar komawa kafin inji ya juya. Tarago yana karɓar wuta daga waya guda, ya maida ta ta ƙarfen dogo. Roba kuwa ba ta ɗaukar wuta, don haka dole a ɗaura waya biyu, ɗaya ta kawo, ɗaya ta mayar. Ribar a fili take: babu kuɗin shimfiɗa dogo, motar na iya raɓawa bakin titi ta ɗauki tsoho ko mai goyo, tana iya kauce wa motar kaya da ta tsaya, kuma ba ta da ƙara. Aibinta shi ne ba ta iya wuce ƴar'uwarta da ke gaba bisa waya ɗaya, ba ta kuma barin hanyar da aka shata mata. In sanda ta goce daga waya, sai direba ya sauko ya ja igiya ya maida ta, fasinja na zaune suna jira.

Cikin 1940 hukumar birni ta saye kamfanin BMT, a zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, mutumin da ke kallon tarago a matsayin kayan jiya. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shiga rufe layukan tarago. A 1948 hukumar ta sayo motocin lantarki 200 daga kamfanin St. Louis Car, ta zuba su a tituna irin su Bergen da Flushing, inda turaku da tashoshin wuta na tarago ke nan tsaye. A wannan shekarar ce kuma farashin santi 5 ya kau.

Murnar ba ta daɗe ba. Gazuwal ya yi araha, bas mai shansa ba ta bukatar waya ko ma'aikatan gyaran waya, kuma ana iya sauya mata hanya dare ɗaya in an maida titi mai hannu guda. Masu riƙe da asusu suka auna, suka ga gara iri ɗaya a gareji da iri uku. Taragon ƙarshe ya tsaya a ƙarshen Oktoba na 1956. Bayan shekara huɗu motocin lantarki suka bi shi, tun ba su wuce shekara 12 bisa aiki ba, aka kwance wayoyin.

Araha ba ta ado. Hayaƙin da ba a sa cikin lissafi ba a 1960, mazauna bakin manyan tituna ne suka shaƙe shi shekara da shekaru. Birane huɗu na Amurka, wato Philadelphia da Dayton da Seattle da San Francisco, sun riƙe wayoyinsu, motocinsu na aiki har yau. Niyok kuwa ta koma sayen bas masu aiki da batir, hukumar sufurinta ta kuma ɗauki alkawarin raba dukan motocinta da hayaƙi kafin 2040, shekara 80 bayan kwance wayoyin Buruklin.