Ya Kai Ƙarar Ɓarawo, Aka Kama Shi

Mai karatu, a ce ka dawo gida ka tarar an fasa maka ɗaki an kwashe kaya. Me za ka yi? Na san amsarka: sai wurin 'yan sanda. To, abin da wani malamin jami'a ya yi ke nan a garin Wilmslow, kusa da Mancesta a Ingila, cikin Janairun 1952. Kayan ma ba su taka kara sun karya ba. Da ya san abin da ƙarar nan za ta jawo masa, da ya bar wa ɓarawon.

Sunansa Alan Turing, an haife shi a Landan ranar 23 ga Yuni 1912. Tun yana yaro aka san shi da naci. Ranar da zai fara makarantar kwana ta Sherborne a 1926, ma'aikatan ƙasar suna yajin aiki, babu jirgin ƙasa. Yaro ɗan shekara 13 ya hau kekensa daga Southampton, ya tuƙa wajen mil 60, ya kwana a hanya, ya isa. Kai da kai ne, ba ka koma gida ka jira ba?

A 1936 ya rubuta wata maƙala inda ya siffanta na'ura guda da za ta iya kowane irin lissafi, muddin an ba ta umarni daki-daki. A lokacin babu irin wannan na'ura a duniya, a kansa kawai take. Yau kuwa, ko a Mai Wurno kake zaune a bakin kogi ko a Kasuwar Kurmi, wayar da ke aljihunka jikanyar wannan tunani ce. Amma kafin duniya ta farga da haka, sai yaƙin Hitila ya ɓarke.

Jamusawa suna da wata na'ura mai kama da tafireta, ana ce mata Enigma. Ka buga saƙo, ta dagula haruffan, su zama shirme ga duk wanda bai san saitin ranar ba, saitin kuma ba ya daɗewa ake sauya shi. Da ita ake aika umarni ga jiragen yaƙi masu nutso da ke nutsar da jiragen abincin Ingila a tekun Atlantika. Masana lissafi na ƙasar Folan su suka fara gano lagonta tun 1932, amma Jamusawa suka yi ta ƙara mata sarƙaƙiya. A Satumban 1939 Turing ya tare a wani gidan sirri mai suna Bletchley Park, aka ba shi ɓangare mafi tsauri, na sojan ruwa. Ya tsara wata na'ura da ke tace saituna cikin sauri, ta fara aiki a 1940, abokin aikinsa Gordon Welchman ya inganta ta. Wasu masana tarihi sun kiyasta cewa aikin gidan nan ya rage wa yaƙin wajen shekara biyu. Sai dai duk wanda ya yi aiki a can ya rantse ba zai taɓa buɗe baki ba. Riƙe wannan rantsuwa a ranka, za ta dawo.

Mu koma wurin 'yan sanda. Da suka matsa da tambaya, sai ta bayyana ɓarawon sananne ne ga wani saurayi da ke zuwa gidan Turing. Mene ne tsakaninka da saurayin? Mai karatu, tsaya nan. Kana gaban hukuma, ka san dokar ƙasar tun ta 1885 tana ɗaure namijin da ya nemi ɗan'uwansa namiji, ita ce ta kai marubuci Oscar Wilde kurkuku a 1895. Za ka yi ƙarya ko za ka faɗi gaskiya? Turing ya faɗi gaskiya, har ya rubuta musu ita dalla-dalla. Nan take mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma.

Ranar 31 ga Maris 1952 aka gurfanar da shi a kotun Knutsford. Abokan aikinsa sun zo sun shaida nagartarsa, amma rantsuwar nan ta ɗaure musu harshe, ba mai ikon cewa ga abin da ya yi wa ƙasar a yaƙi. Kotu ta ba shi zaɓi: ko gidan yari, ko allurar sinadarin mata mai kashe sha'awa har tsawon shekara. Wanne za ka ɗauka? Ya ɗauki allura don kada a raba shi da aikinsa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Maganin ya sauya masa jiki har nonuwa suka fito masa, gwamnati kuma ta janye amincewarta, aka rufe masa ƙofar aikin sirri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin da ke hannunsa a daidai lokacin. A 1950 ya buga maƙala kan ko na'ura za ta iya tunani, tambayar da yau ta cika duniya. A 1952, shekarar shari'ar kanta, ya fito da wata a kan tambayar da kowane yaron ƙauye ya taɓa yi: wa ya yi wa damisa ɗigo, wa ya ja wa jakin dawa layi? Ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu, suna cuɗanya suna bazuwa a jikin halitta ɗaya da sauri ɗaya a hankali, za su iya fitar da zane da kansu. Sai bayan gomman shekaru masana suka ga hakan a ɗakin gwaji. Mutumin da ya buɗe fanni uku kafin ya cika arba'in, me zai buɗe da ya kai saba'in?

Ranar 8 ga Yuni 1954 mai yi masa aikin gida ta same shi a kan gado ya mutu, ga guntun tuffa a gefensa. Gubar sayanayid ce ta kashe shi. Mai binciken mutuwa ya yanke cewa shi ya kashe kansa, mahaifiyarsa ta tsaya a kan cewa haɗari ne daga gwaje-gwajen da yake yi a gida. Tuffar ma ba a gwada ta ba. Shekararsa 41.

Duk ra'ayin da kake da shi a kan rayuwarsa, mai karatu, ni a wurina abin da aka yi wa bawan Allahn nan zalunci ne da butulci. Bai yi sata ba, sata aka yi masa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, dubban maza wannan doka ta ci, waɗanda ba wanda ya san abin da ke cikin kawunansu.

An sassauta dokar a Ingila a 1967. Sirrin Bletchley Park ya fito fili a 1974. A 2009 Firayim Minista Gordon Brown ya nemi afuwa a madadin gwamnati, a Disamban 2013 Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa, ihu bayan hari. Ranar 23 ga Yuni 2021 Babban Bankin Ingila ya fitar da sabuwar takardar fam 50 mai ɗauke da hotonsa, shekara 67 bayan mutuwarsa.