Ƙurar Juji Tana Ɗauke da Ƙwayoyin Cutar da Ba Su Jin Magani

Jama'a sun saba kukan wari da hayaƙin juji, alhali kuwa ƙurarsa ma abin tsoro ce. A bola ne ragowar magunguna da bandejin asibiti da kashin kaji suke cakuɗewa. Ƙwayoyin cutar da suka tsira a nan sukan daina jin magani, har su riƙa ba 'yan'uwansu wannan hali. Da motar shara ta juye kaya sai ƙura ta tashi da su. Leburori da 'yan bola jari ke fara shaƙa, galibi ba ko ƙyalle a hanci.

Mujallar Lancet ta ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi, ta hanyoyi dabam-dabam, sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, Afirka ta Yamma kuwa ta fi jin jiki bisa yawan jama'arta.