Kyamarar Silima Mai Wani: Aikinta da Kulawa da Ita a Ƙasar Gobir

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda kyamarar silima mai wani take aiki, da irin kulawar da take bukata a ƙasa mai zafi da ƙura kamar ta Sabon Birni da Isa. Da irin wannan na'ura aka ɗauki da yawa daga hotunan da suka rage na rayuwar Afirka ta Yamma a tsakiyar ƙarni na 20. Wanda bai san halinta ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa hotunan suka fito yadda suka fito ba.

Asalinta

A shekarar 1923 kamfanin Kodak ya fito da fim mai faɗin milimita 16, kamfanin Bell & Howell na Amurka kuma ya ƙera masa kyamarar Filmo. A 1935 kamfanin Paillard na Suwizalan ya fito da Bolex H16. Dukansu ba sa bukatar lantarki ko batir. Wannan ya sa suka dace da ƙauyukan Arewa, inda a zamanin Turawa motar majigi kan zo da injin wutarta. Hukumar shirya majigi ta ƙasashen mulkin Ingila, wadda aka kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers, takan raba wa ma'aikata ƙananan kyamarori da fim, su ɗauka, a aika Landan a wanke.

Yadda Take Aiki

Duk wanda ya taɓa yi wa agogo ko garmaho wani ya riga ya san rabin sirrin. A cikinta akwai sifirin na ƙarfe wanda ake naɗewa da hannu. Idan aka danna maɓalli sai ya riƙa warwarewa, wani ɗan ƙarfe mai daidaita gudu yana riƙe da shi. Ƙugiya takan jawo fim, ta tsayar da shi a bakin ƙofa, marufi mai juyawa ya buɗe haske ya shiga, sa'an nan ya rufe ta sake jawowa. Haka ake yi sau 24 a kowane sakan.

Lissafin yana da sauƙi. Ƙafa ɗaya ta fim tana ɗauke da hoto 40, watau naɗi mai ƙafa 100 yana da hoto 4,000, abin da bai cika minti uku ba. Cikakken wani ɗaya na Bolex kuwa wajen sakan 28 yake yi, saboda haka sai an yi mata wani kamar sau shida kafin naɗi ya ƙare.

Alal misali, a ce ma'aikaci ya je ɗaukar hawan sallar Sarkin Gobir na Sabon Birni. Idan ya fara tun mahaya suna nesa, sifirin zai mutu kafin su iso gaban sarki su yi jinjina, ga shi kuwa ba a ce da doki ya sake. Tilas ne ya san tsarin hawan tukuna, ya san wanda ke gaba da wanda ke biye, ya zaɓi wurin tsayawa, ya kuma cika wani bayan kowace ɗauka. Ƙarar na'urar ma ba ta barin a ɗauki murya tare da hoto, shi ya sa ake jin mai sharhi a maimakon kirarin maroƙa.

Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale daga 1946 zuwa 1947 da tsohuwar Bell & Howell, ya mai da wannan taƙaitawa abin amfani. Ya rasa madogararta mai ƙafa uku a hanya, ya koma ɗauka a hannu, lokacin yin wani kuma ya zame masa lokacin tunanin abin da zai ɗauka gaba.

Kulawa da Ita

Babbar abokiyar gabarta a Gobir ita ce ƙurar hunturu. Ƙwayar rairayi guda a bakin ƙofa tana iya karce naɗi daga farko har ƙarshe, ba kuwa za a sani ba sai an wanke, watau bayan sallar ta wuce. Don haka ake share ƙofar da ɗan buroshi mai laushi kafin kowane naɗi, ba a taɓa ta da ƙarfe. Gilashin gaba kuma a fara hure shi kafin a goge.

Na biyu shi ne zafin bazara, wanda yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ba a barin kyamara ko fim a rana ko a rufaffiyar mota. A inuwa ake sa fim, a inuwa ake cire shi, a bar masa ɗan lanƙwasa sama da ƙasan ƙofa don kada ƙugiya ta yage shi.

Na uku, ba a gudanar da ita da sauri alhali babu fim a ciki, ba a kuma tilasta hannu idan wani ya cika. In za a ajiye ta da daɗewa, sai a bari sifirin ya warware. Zuba mata man keken ɗinki kuskure ne, domin mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama. Buɗe gidan sifirin aikin gwani ne kaɗai.

Kammalawa

Wayar hannu ta gaji wannan na'ura, amma naɗe-naɗen da ta bari suna nan a ɗakunan ajiya na ma'aikatu da gidajen sarauta, zafi da laima suna cin su. Fim ɗin da ya fara warin tsami ya kama hanyar lalacewa. Ma'aikacin da ya tarar da irin waɗannan gwangwanaye, wajibinsa ne ya ware mai warin daga sauran, ya ajiye su wuri mai sanyi da bushewa, ya rubuta abin da ke jikin kowanne, ya sanar da hukumar adana kayan tarihi tun ana iya ganin fuskokin da ke ciki.